Sa Hannu a Yamai, Rufe Boda Bayan Mako Shida: Abin da Zariya ta Gani

Ranar 7 ga Yuli, 2019, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a Yamai kan yarjejeniyar kasuwanci marar shinge ta nahiyar Afirka, wadda ake kira AfCFTA. Mako shida bayan nan, cikin watan Agusta, gwamnatinsa ta rufe iyakokin ƙasa na tudu. Da Oktoba ta kama, shugaban kwastan na lokacin, Kanal Hameed Ali mai ritaya, ya fito ya ce babu kayan da zai shigo ko ya fita ta ƙasa, na halal ne ko na sumoga. A haka aka zauna wata 16. Sai ranar 16 ga Disamba, 2020 aka buɗe Seme da Illela da Maigatari da Mfun, ana saura mako biyu yarjejeniyar ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2021.

Wannan rubutu ya bi sawun waɗannan watanni ne daga Zariya, don a ga wa ya ci riba, wa ya biya, kuma me abin ya nuna game da gardamar da har yau ake yi: a buɗe kasuwa ko a kare na gida.

Zariya ba garin iyaka ba ce, amma mararraba ce. A Kwangila hanya ta rabu. Ɗaya ta miƙe Kano, daga can a kama ta Daura ko ta Maigatari. Ɗaya ta bi ta Samaru da Shika da Giwa zuwa Funtuwa, inda mai zuwa Illela zai yi Gusau da Sakkwato, mai zuwa Maraɗi kuwa ya karkata Katsina da Jibiya. Hatsin Giwa da Soba da Maƙarfi ta nan yake bi. Kuma ba yau garin ya fara rayuwa da cinikin nesa ba. Tun kafin zuwan Turawa audugar ƙasar Zazzau take ciyar da masaƙa har Kano, fatake suna kai tufafin Hausa ƙasashe masu nisa. Da jirgin ƙasa ya iso a farkon ƙarni na 20, kamfanin audugar Ingila, BCGA, ya kafa injin gurza a Zariya, kamfanonin ciniki suka biyo baya. Unguwar da muke kira PZ ma sunan ɗaya daga cikinsu ta gada.

Gardamar da ta riga sa hannun

A Kigali aka fara sa hannu, ranar 21 ga Maris, 2018, ƙasashe 44. Najeriya ba ta ciki. Majalisar zartarwa ta riga ta amince, an shirya tafiya, sai shugaban ƙasa ya fasa a ƙurarren lokaci. Ƙungiyar masu masana'antu, MAN, da ƙungiyar ƙwadago, NLC, su ne suka fi ɗaga murya: ba a tuntuɓe su ba, kuma ƙasar za ta koma jujin kayan wasu.

Duk wanda ya san Kakuri, unguwar masaƙu a Kaduna, ba zai raina wannan tsoro ba. Masaƙar KTL da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, UNTL ta bi ta a 2007, Arewa da Nortex ma suka tafi. Rufewarsu ba ta tsaya a Kaduna ba. Manomin auduga a ƙasar Zazzau ya rasa mai saye, injinan gurza suka yi shiru, gonakin auduga suka koma na masara da waken suya. Akwai gidaje a Zariya da har yau suna da dattijon da ya dawo daga Kakuri hannu rabbana.

Sai dai a duba abin da ya kashe masaƙun. Rashin wuta, tsadar baƙin mai, tsofaffin injina da kayan gyaransu suka gagara saye bayan an karya darajar naira daga 1986. Sannan atamfar Sin, wadda ta yi ambaliya bayan an ɗage haramcin shigo da yadi a 1997, ta ci gaba da kwararowa ta Kwatano da Maraɗi ko a shekarun da aka mayar da haramcin. Babu kayan Afirka a cikin wannan lissafi. Yarjejeniyar da aka ji tsoro a 2018 kuwa ta kayan da aka yi a Afirka ce kaɗai.

Masu goyon baya su ma da hujjarsu. Cinikin da ƙasashen Afirka ke yi tsakaninsu bai wuce kusan kashi 15 cikin 100 na cinikinsu ba. Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2020 cewa idan aka aiwatar da yarjejeniyar sosai, kuɗin shigar nahiyar zai ƙaru da dala biliyan 450 zuwa 2035, mutum miliyan 30 su fita daga matsanancin talauci. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, kusan biliyan 292 na wannan adadi ba daga cire haraji zai zo ba, daga rage jinkiri da takardu da shingaye ne. Tsarin cire harajin ma a hankali ne: kashi 90 na nau'o'in kaya cikin shekaru, kashi 7 masu haɗari a ba su ƙarin lokaci, kashi 3 kuma ƙasa ta keɓe su gaba ɗaya.

Dalilin rufewa

Gwamnati ta ambaci shinkafa da man fetur da makamai. Ƙorafinta kan shinkafa gaskiya ne. Harajin shigo da ita Najeriya ya kai kashi 70 cikin 100, na Jamhuriyar Benin bai kama ƙafar haka ba. Sai jiragen ruwa su sauke turararriyar shinkafar Tailan da Indiya a Kwatano, alhali mutanen Benin ba ita suka fi ci ba, a sake loda ta, wata ta shigo ta Seme, wata ta zagaya ta Nijar ta ɓullo Jibiya da Kwangwalam a bayan babura da ƙananan motoci. Manomin da aka ce masa ya noma abin da za mu ci, aka ba shi bashin noma na Babban Banki, wato Anchor Borrowers, tun 2015, da wannan shinkafar yake gogayya.

Amma shinkafar Tailan ba kayan ECOWAS ba ce, ba kuma kayan AfCFTA ba ce. Babu yarjejeniyar da ta ba ta izinin shigowa ba haraji. Laifin na masu sumoga ne da jami'an da suke karɓar na goro su kau da kai. Da aka rufe ƙofa gaba ɗaya, sai hukuncin ya hau kan wake da albasa da dabbobi da kanwa da dabino na Nijar, da masara da dawa da barkono da tufafi na Najeriya, kayan da tsarin ECOWAS ya halatta musu wucewa tun 1979.

Waɗanda suka ci riba

Sun ci, kuma bai kamata a ɓoye ba. Shanshera ta yi daraja. Masu fadama a bakin Galma da sauran wuraren rani sun faɗaɗa noman shinkafa, ƙananan injinan casa suka yawaita, kuma 'yar gida ta gyaru, domin masu casa sun sayi injin cire tsakuwa da suka ga kasuwa ta buɗe musu. Matan da suke turara shinkafa a gida su ma sun samu aiki. Wannan ci gaba ne na haƙiƙa, wani ɓangarensa ma ya ɗore.

Tambayar ita ce, ribar a hannun wa ta taru? Ƙaramin manomi da kaka yake sayarwa. Bashin taki na jiransa, ga kuɗin makaranta, ga biki. Dillali ya zo har bakin gona ko ya tare shi a kasuwar ƙauye, a auna, a ɗinke buhu, a cire la'ada. Wanda yake da sito da jari shi ke ajiyewa har bazara ta wuce, damina ta faɗi, farashi ya hau. A lokacin manomin nan ya koma mai saye, yana awon tiya-tiya da tsada abin da ya sayar buhu-buhu da araha. Kariyar da aka yi da sunansa, kaso mafi tsoka ya tafi ga mai ajiya da mai babban inji.

Waɗanda suka biya

Zariya gari ne na 'yan albashi da ɗalibai: ABU a Samaru da Kongo, kwalejin ilimi, Nuhu Bamalli, asibitin koyarwa a Shika, barikin soja. Waɗannan duk da awo suke ci. Alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa sun nuna hauhawar farashin abinci tana kashi 13.17 a Agustan 2019, ta kai 19.56 a Disamban 2020. Ba rufe boda kaɗai ya jawo haka ba. Akwai kullen korona, da faɗuwar naira, da ambaliyar Kebbi, da 'yan bindiga da suka hana noma a sassan Giwa da Birnin Gwari. Amma tun Disamban 2019, kafin korona ta iso, adadin ya riga ya kai 14.67, kuma cikin kaka ne, lokacin da aka saba ganin sauƙi.

Sai waɗanda babu mai lissafa su. A cikin birni, ɗinkin babbar riga sana'ar gidaje ce. Mai riga ya sayo shadda, tela ya yanka ya haɗa, mai zane ya fitar da aska biyu ko aska takwas a kan aljihu da wuya, sannan a kai cikin gida. Mata da yawa a birnin Zazzau da wannan allura suke riƙe kansu, suna ɗinki tsakanin girki da raino, riga guda ta ci makonni. In an gama a kai wa masu bugu, su shimfiɗa ta a kan gungume su yi ta dukanta har ta yi sheƙi. Riga ɗaya, hannu biyar ko shida sun ci abinci. Daga cikin masu sayen irin wannan aiki akwai 'yan kasuwar Nijar da Kamaru da Chadi da Gana, wasu su zo da kansu, wasu su saya ta hannun dillalan Kano.

Da aka rufe boda, irin wannan ciniki bai mutu ba, tsada ya yi. Baƙon da ya saba zuwa da sefa ya ɗebi riguna ya rage zuwa. Wanda ya matsu ya bi ta daji, ya biya ɗan acaɓa, ya biya a kowane shinge, ya dawo ya rage kuɗin da zai saya. Mai riga kuma ba zai rage wa mai shadda ba, sai ya rage a ladan ɗinki, ko ya jinkirta biya. Asarar ta gangara har ta sauka a kan matar da ke cikin gida, wadda ba ta da ƙungiya a Abuja, ba ta kuma shiga ƙididdigar kowa.

Manya kuwa sun samu ƙofa. A Yulin 2020 Babban Banki ya hana dala ga masu shigo da masara. Masara ta yi tsada, masu kiwon kaji suka koka, sai aka ba kamfanoni huɗu izinin shigo da tan 262,000. A ƙarshen shekarar kuma aka ji cewa an ba kamfanin simintin Dangote izinin fitar da kaya ta iyakokin da aka ce a rufe suke. Ban ga laifin kamfani don ya nemi hanyar sayar da kayansa ba. Abin da ke ci mini rai shi ne tsarin da ya mayar da ciniki alfarma, wanda ya san ofis ya wuce, wanda bai sani ba ya bi ta daji.

Abin da ya biyo baya

Da abin ya tsaya a 2020 da sai a ce kuskure ne na lokaci guda. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023 aka sake rufe iyakar arewa, ba a buɗe ba sai Maris ɗin 2024. A Oktoban 2023 Babban Banki ya ɗage hanin dala kan kayayyaki 43, har da shinkafa da masara. A Yulin 2024, da yunwa ta yi tsanani, gwamnati ta sanar da ɗage haraji na kwana 150 kan masara da alkama da wake da shinkafar da ba a gama cashewa ba. Zuwa 2025 farashin masara ya faɗi warwas, taki kuwa yana sama, manoman Giwa da Soba suna lissafin buhu nawa na masara za su sayar kafin su sayi buhun taki ɗaya. Mai awo a Sabon Gari ya samu sauƙi, wannan gaskiya ne. Amma manomin da aka ce masa ya faɗaɗa gona a 2019, shi ne aka bari a rana bayan shekara biyar.

Babu ɗaya cikin waɗannan matakai da AfCFTA ta jawo. Dukansu umarni ne na ofis, wanda ake wayar gari a ji a rediyo. A nan nake ganin muhawararmu ta kauce hanya. Muna ta jayayya kan buɗewa da rufewa, alhali abin da ya fi cutar da mai ƙaramin jari shi ne rashin sanin dokar da za ta kasance ranar da kayansa za su isa kasuwa. Manomi a watan Mayu yake yanke shawara, a Nuwamba yake sayarwa. Mai riga yakan zuba jarinsa watanni kafin salla. Babban amfanin yarjejeniya ga irin waɗannan mutane shi ne tana ɗaure hannun gwamnati: ga jadawalin haraji na shekaru, ga kayan da aka keɓe, ga hanyar da za a bi in kaya sun yi ambaliya, kowa ya sani tun da wuri. Saboda haka nake goyon bayanta.

Inda tsoron yake da tushe

Goyon baya ba ya nufin babu wanda zai ji jiki. Ƙaramar masana'anta a Chikaji ko Dakace da ke aiki da dizal za ta yi gogayya da ta Masar da Maroko da Afirka ta Kudu, inda wuta ta fi samuwa, bashin banki ya fi sauƙi. Wasu ba za su kai labari ba in ba a gyara wuta ba. Ga kuma ƙofar baya: Najeriya ta ƙi sa hannu kan yarjejeniyar ciniki ta EPA da Tarayyar Turai, amma Gana da Kodebuwa suna aiki da nasu tun 2016, don haka kayan Turai na iya shiga can da sauƙi, a sauya musu kwali su zo nan a matsayin na Afirka. Maganin wannan shi ne ƙa'idar asalin kaya, wato sharaɗin da ke fayyace abin da za a kira kayan Afirka.

A kan wannan ƙa'ida ne mutanen Zariya biyu, manomin auduga da mai babbar riga, suke tsaye a ɓangarori daban-daban, ko da ba su sani ba. Yadi da tufafi na cikin abubuwan da aka fi daɗewa ana ja-in-ja a kansu a teburin AfCFTA. In aka ce yanka da ɗinki kawai sun isa su mayar da tufa ta Afirka, to kowa zai shigo da yadin Sin ya ɗinka, manomin auduga da injin gurza ba su da rabo, irin auduga na SAMCOT da cibiyar binciken noma ta IAR a Samaru take fitarwa ya rasa mai nema. In kuma aka ce dole zaren da yadin su zama na Afirka, to babbar rigar birni ta faɗi, domin shaddarta daga Sin ko Ostiriya take zuwa, ko da yake darajar rigar a allura take. A ganina bai kamata a auna su da mudu ɗaya ba. Tufafin da inji ke fitarwa dubu-dubu a tsaurara musu, don auduga ta samu kasuwa. Aikin hannu kuwa a bar shi a ajinsa, kamar yadda tsarin ECOWAS ya riga ya yi, inda amfanin gona da dabbobi da kayan aikin hannu ba sa buƙatar takardar shaidar asali.

Akwai kuma abin da Zariya za ta sayar wanda ba a cika ambata ba, wato iri. Masarar SAMMAZ da waken SAMPEA da dawar SAMSORG da gyaɗar SAMNUT duk daga Samaru suka fito, kuma ƙasa da yanayin da aka yi su dominsu ba su tsaya a Jibiya ba. Tun 2008 ECOWAS take da ƙa'idar da ta ce irin da aka yi wa rajista a ƙasa ɗaya ana iya sayar da shi a sauran. Kamfanonin iri na Zariya suna da kasuwa daga Maraɗi har arewacin Gana, in hanya ta tabbata. Iri kuwa ba ya jira, in ya kwana a boda har shuka ta wuce, ya koma hatsi.

Maganar Nijar ta ƙara wa abin nauyi. Ranar 29 ga Janairu, 2025 ficewarta daga ECOWAS tare da Mali da Burkina Faso ta tabbata. ECOWAS ta ce a ci gaba da karɓar kayansu bisa tsohon tsari har sai an ji sanarwa ta gaba, wanda ke nufin cinikin yana rataye ne da alfarma. Nijar kuwa tana cikin ƙasashen farko da suka amince da AfCFTA, tsohon shugabanta Mahamadou Issoufou ne ma ya jagoranci tafiyar. Ga ɗan kasuwar Zariya da kasuwarsa ta waje mafi kusa ita ce Maraɗi, wannan yarjejeniya ce rubutacciyar igiyar da ta rage.

Najeriya ta tura kayanta na farko ƙarƙashin yarjejeniyar daga Legas a Yulin 2024, ta kuma wallafa jadawalin harajinta a Afrilun 2025. Waɗannan matakai na masu kwantena ne. Mai buhu 20 na barkono ko riga 30 yana buƙatar wani abu daban, kuma akwai samfurinsa: a wasu ƙasashen COMESA, ƙungiyar kasuwancin gabashi da kudancin Afirka, kayan da ba su wuce dala 2,000 ba suna wucewa da gajeriyar takarda da ake cikewa a bakin iyaka. Irin wannan ya kamata a kafa a Jibiya da Illela da Maigatari, da Hausa da Faransanci, a liƙa kuɗin da doka ta yanka a bango inda kowa zai gani.

Ɗaya buƙatar ta majalisa ce. Sashe na 12 na kundin tsarin mulki ya ce yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ba ta da ƙarfin doka a cikin gida sai Majalisar Tarayya ta mayar da ita doka. Tun Yunin 2023 ɗan majalisar da ke wakiltar Zariya, Abbas Tajudeen, shi ne Kakakin Majalisar Wakilai. Ƙungiyoyin manoman masara da shinkafa, da masu iri, da masu ɗinkin birni suna da damar kai masa buƙata guda a rubuce: doka ta wajabta cewa, ban da halin yaƙi ko annoba, ba za a rufe iyaka ga halattattun kaya ko a sauya harajin hatsi ba sai an ba da sanarwa kafin faɗuwar damina, an kuma bayyana wa majalisa dalili da ranar da matakin zai ƙare.